ZAUREN MALAM: Ya Rasu Ne, Ya Suma Ne, Ko Kuwa An Yaye Shi Ne?

 A watan jiya na yi muku alkawari za mu ci gaba da maganar rubuta wasiƙar neman aiki, amma sai ku gafarce ni, mu ɗage ta tukuna. Wani abu ya faru a unguwarmu a nan Takur, cikin garin Dutse, wanda ya hana ni barci kwana biyu, na kuwa ga bai kamata in bar shi ya huce ba tare da na kawo shi wannan zaure ba.

Muna da wata maƙwabciya, gwauruwa ce, da tuyar ƙosai ta ke riƙe da 'ya'yanta huɗu. Babban ɗanta ya sami shiga aikin soja, aka tafi da shi Defot na Zariya, wurin da a ke horar da kurata tun shekarar 1924. Horon wata shida ne, wanda ya taɓa samun ɗa a can kuwa ya san ba kasafai a ke jin muryarsu ba sai sun gama. Uwar nan kullum wayarta tana ƙulle a bakin zane, ko gishiri za ta saya ba ta barinta a ɗaki.

Ran nan da la'asar, tana cikin hura wuta, sai ga saƙo ya shigo daga wata lamba da ba ta sani ba. Da Turanci aka rubuta shi, ita kuwa ba ta yi boko ba. Sai ta kira wani yaron maƙwabta, ɗan aji uku na ƙaramar sakandare, ta ce ya karanta mata. Ga abin da saƙon ya ce, na kwafe shi daga baya ba ragi ba ƙari: "Mama, your son passed out this morning. We thank God for his life."

Yaro ya karanta, ya sāke karantawa, ya yi shiru. Ta ce, "Kai nake saurare, me suka ce?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Mama, sai haƙuri. Sun ce ya rasu."

Ba sai na gaya muku abin da ya biyo baya ba. Ta ɗora hannu a ka ta yanka ihu, ƙullun ƙosai ya kife a ƙasa. Kafin ka ce kwabo matan unguwa sun cika gidan, Musulmi da Kirista, wasu na riƙe ta, wasu na shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida domin masu zuwa gaisuwa. Aka yi ta kiran lambar nan, a kashe ta ke.

Ana cikin haka sai ga wata ma'aikaciyar jinya da ke zaune a layinmu ta dawo daga aiki. Ta ce a nuna mata saƙon. Tana dubawa ta ɗaga murya ta ce, "Haba jama'a, ku dakata! Wa ya ce muku mutuwa ce? Suma ya yi. Kullum haka mu ke rubutawa a asibiti in mutum ya faɗi ya fita hayyacinsa." Kuka ya ɗan lafa. Aka naɗe tabarmi, aka shiga harhaɗa kuɗin mota, gama uwar ta rantse ba za ta kwana a Dutse ba ɗanta yana kwance a Zariya.

Sa'an nan ga wani tsoho ya iso yana dogara sanda. Tsohon soja ne, ya daɗe da yin ritaya, shi gaisuwar mutuwa ya zo yi domin labarin farko ne ya iske shi. Da aka karanta masa saƙon sai ya tambaya, "Yaushe yaron ya tafi?" Aka faɗa masa. Ya lissafa da yatsu, sai ya fashe da dariya har sanda ta faɗi. Ya ce, "'Yata, share hawayenki, ki ɗora tukunya. Yau aka yaye ɗanki. Ya zama cikakken soja."

A daidai wannan lokaci ne na iso daga makaranta. Suka ce, "Yawwa, ga Malam nan, shi zai raba gardama." Na karɓi waya hannuna yana rawa. Abin da na iya faɗa musu ke nan: maganar ma'aikaciyar jinya tana cikin ƙamus, maganar Baba ma tana cikin ƙamus, ta yaron ce kaɗai ba ta ciki. Amma da ya ke daga Zariya saƙon ya fito, kuma wata shida sun cika cif, ni na fi karkata wajen Baba. Duk da haka uwar ba ta ci kome ba sai wajen ƙarfe tara na dare, sa'ad da ɗan ya kira da bakinsa. Ashe yayan wani abokinsa ne, wanda ya je kallon faretin yaye su, ya aiko da saƙon don ya yi mata albishir, sa'an nan cajin wayarsa ya ƙare.

To, ga abin da ya hana ni barci. Yaron nan da ya karanta saƙon ɗalibina ne, yana kuwa cikin masu ƙoƙari a ajinsa. Kashegari ya zo makaranta ya kāsa haɗa ido da ni. Na kira shi gefe na ce, "Ina ka samo rasuwa a cikin wannan saƙo?" Ya ce, "Malam, ai kai ne ka koya mana." Na tuna kuwa. A zangon da ya wuce na cika allo da irin waɗannan kalmomi har guda ashirin, kowace da ma'anarta a gabanta, na ce su haddace domin jarrabawa. A ciki akwai pass away, watau rasuwa. Yaro ya riƙe kan kalmar, jelarta ta kuɓuce masa. Da ya ga an ƙara da godiya ga Allah domin ran mutumin, irin maganar da ya saba gani a takardun sanarwar jana'iza da a ke liƙawa a bango, sai ya haɗa biyu da biyu ya sami biyar. Na shekara goma sha tara ina riƙe da alli, ban taɓa jin kunyar yadda na koyar da wani darasi kamar ran nan ba.

Bari mu koyi darasin yanzu yadda ya kamata in koya musu tun farko.

A Turanci akwai wasu kalmomin aikatau gajeru, irin su get, put, take, give, look da pass, waɗanda su kan ɗauki wata 'yar ƙaramar kalma a bayansu, kamar up, out, on, off ko away. Masu nahawu suna kiran wannan haɗi phrasal verb. Ni a aji na fi so in kira shi aikatau mai jela. Abin da ya sa ya ke da wuya shi ne, da zarar jelar ta manne, ma'ana ta kan tashi daga inda ka san ta. Look duba ne, amma look after reno ne ko kiwo. Give bayarwa ne, amma give up sarewa ne, ko barin wani hali kamar shan taba. Su kansu Turawa sun san da wannan wahala. Samuel Johnson, wanda ya buga babban ƙamus na Turanci a birnin Landan a 1755, ya faɗa a gabatarwarsa cewa irin wannan haɗi ne ya fi ba baƙi masu koyon harshen wuya. Yau shekara sama da 250 ke nan, har yanzu hukumomin WAEC da NECO suna kama yaranmu da shi.

Pass shi kaɗai, wucewa ne. In ka ce pass by, giftawa ke nan. Pass away, rasuwa, kalmar ladabi ce wadda a ke faɗa domin kada a ce wa mutum die gatsau. Pass on yana da fuska biyu, miƙa abu ga na gaba, ko kuma rasuwar dai. Pass up, barin wata dama ta wuce ka da gangan. Sai wanda ya tayar mana da unguwa, pass out.

Ma'anarsa ta farko, wadda ta fi yawa a duniya, ita ce suma. Zafi, ko yunwa, ko zubar jini, ko firgita, su sa mutum ya yanke jiki ya faɗi. A ƙarƙashin wannan ma'ana a ke sa mashayi wanda giya ta kayar, ya yi barcin da ko an buga ganga ba zai ji ba. Ta biyu ita ce rarrabawa. In malami ya bi layi yana miƙa wa kowane ɗalibi takarda, a kan ce he passed out the papers. Wannan ba ta da wuyar ganewa, gama kullum za ka ga an ambaci abin da aka raba. In akwai kaya a bayan kalmar, rabo ne. Ku lura kuma, in an maye gurbin kayan da them ko it, sai su shiga tsakiya, a ce pass them out. Wanda ya rubuta pass out them a jarrabawa ya yi asarar maki.

Ta uku ita ce ta Baba tsohon soja, watau kammala horo a makarantar soja ko ta 'yan sanda. Wannan daga Ingila muka gāje ta, tare da fareti da kaki. Mutumin Amurka ba ya amfani da ita haka. In ka ce masa ɗanka ya yi pass out jiya, zai tambaye ka ko an kai shi asibiti. A Nijeriya kuwa ta yi saiwa ƙwarai. Ana faɗarta a NDA ta Kaduna, wadda aka kafa a 1964, ana faɗarta a makarantar 'yan sanda ta Wudil da mu ke wucewa in za mu Kano. Masu yi wa ƙasa hidima ma sun ara. Tun da Janar Yakubu Gowon ya kafa shirin NYSC a 1973, ranar sallamarsu passing out a ke ce da ita. Yaran nan masu farar riga da wandon kaki da a ke kawowa sansanin Fanisau a nan Dutse, tambayi kowannensu abin da ya ke jira, zai ce maka P.O.P. Har ɗaliban sakandare yanzu sun ce su ma passing out su ke yi.

Tsakanin ta farko da ta uku ba wata alama a jikin kalmar da za ta raba maka su. Sai ka duba wanene a ke magana a kansa, a ina ya ke, da kuma lokacin. Abin dariya ma, su biyun su kan haɗu a fili guda. Soja ya daɗe a tsaye ƙyam cikin rana ba ya motsi, jini ya taru a ƙafafu ya rage zuwa ƙwaƙwalwa, sai ka ga ya zube a tsakiyar fareti. Wannan ya yi pass out sau biyu a rana ɗaya. Tun da mun taɓo maganar, ma'aikaciyar jinyar nan ta ce in tuna muku: wanda ya suma a kwantar da shi a inuwa, a ɗaga ƙafafunsa sama kaɗan, a sassauta masa tufafi, kada a ɗura masa ruwa a baki kafin ya farfaɗo. In minti ɗaya ko biyu sun wuce bai dawo hayyacinsa ba, a garzaya da shi asibiti.

Kada wani ya ce Turanci harshen rikici ne, namu kuwa miƙaƙƙe. Ku dubi kalmar da Baba ya faɗa. Yaye, ai cire yaro daga nono ne. Baƙon da ya koyi Hausa daga littafi, in ya ji an ce yau za a yaye ƙato mai shekara ashirin da biyu, me zai zata? Haka nan in ka ce randa ta cika, ruwa ne ya kai baki, amma in ka fito daga ɗakin majinyaci ka ce ya cika, kowa ya san a nemo likkafani.

Har ma aikin da jelar nan ke yi a Turanci, mu ma muna da abin da ke yi mana shi, sai dai namu a ƙarshen kalmar ya ke manne. Ku saurara: fita, fito, fice, fitar. Saiwa ɗaya ce, amma fita nesa da mai magana ne, fito zuwa wajensa ne, fice tafiya ce gaba ɗaya, fitar kuwa wani abu ne ka kai waje. Bature sai ya ce go out, come out, get out, take out. Ga kuma saya, sayo, saye, sayar. Wanda ya aiki yaro kasuwar Shuwarin ya ce ya sayo akuya, yaro ya je ya sayar da wadda ke gida, ai ya san harafi biyu ba abin wasa ba ne. Ci da cinye, shi ne eat da eat up. Sha da shanye, drink da drink up. Wani masani Bature mai suna F. W. Parsons, wanda ya koyar da Hausa a Landan, shi ne ya tsara waɗannan sauye-sauye cikin aji bakwai a 1960, har yau kuwa da tsarinsa a ke koyarwa a jami'o'inmu. Da na rubuta fita, fito, fice, fitar a allo mako guda bayan abin da ya faru, na ga idanun yara sun buɗe. Ba wanda ya taɓa gaya musu cewa abin da su ke tsoro a Turanci suna yinsa da bakinsu tun suna goye.

Ana nan sai wani tsohon ɗalibina ya zo hutu. Yana karatun injiniya a ƙasar Turkiyya, ya kuma iya harshensu daidai gwargwado. Muka zauna a gindin darbejiya a ƙofar gida, na ba shi labarin nan duka. Ya yi dariya ya ce, "Malam, da a ce da Turkanci aka rubuta saƙon, da ƙosan Mama bai zube ba." Ya buɗe ƙamus na Turanci da Turkanci a wayarsa ya nuna mini. Su ba su da aikatau mai jela irin na Turawa, saboda haka kowace ma'ana ta pass out da kalmarta daban.

Kafin in kawo su, ku sani Turkawa da haruffan boko su ke rubutu tun 1928, sa'ad da shugabansu Mustafa Kemal Atatürk ya sa aka bar haruffan Larabci. Kamar yadda mu ke da ƙ da ɗ da ɓ, su ma sun yi wa wasu haruffa ƙari. Harafin ç shi ne c namu na ci da cinye. Suna da i mai ɗigo da ı marar ɗigo, ğ kuwa kusan ba a furta shi, jan wasalin da ke gabansa ya ke yi.

Suma, su kan ce bayılmak. Faɗuwar mashayi kuwa sızmak, wadda asalin ma'anarta yoyo ne, kamar yadda ruwa ke tsatsafowa daga fasasshen tulu. Na ce lalle wanda ya fara kwatanta bugagge da tulu mai yoyo ya san abin da ya gani. Rarrabawa, dağıtmak. Kammala makaranta, mezun olmak. Rasuwa kuma, watau pass away, vefat etmek. Da ya furta waɗannan biyu na ƙarshe sai kunnena ya tsaya. Vefat ai ita ce wafati da mu ke ji a bakin malamai. Mezun kuwa daga saiwar Larabci ɗaya ta fito da izini namu, watau wanda aka ba izini ya tafi. Rijiya ɗaya muka ɗebo mu da su. Haka kalem da alƙalami, haber da labari, vakit da lokaci.

Wadda ta fi burge ni ita ce wata hanya ta biyu da su ke faɗar suma, kendinden geçmek. Geçmek wucewa ne, daidai da pass. Kendinden kuwa, daga kansa. Watau mutum ya wuce daga kansa. Mu muka ce ya fita daga hayyacinsa, Bature ya ce ya wuce waje. Mutane uku da ba su yi shawara da juna ba, duk sun ga suma kamar mutum ne ya bar gida ya fita.

Na tambaye shi, to su Turkawa ba su da nasu tarkon? Ya ce akwai mana, a cikinsa ma ya taɓa faɗawa. Watansa na farko aka gayyace su cin abinci a wani gida, wata baƙuwa ta ɗanɗana miya ta ce bayıldım. Shi abin da ya haddace, wannan kalma na nufin na suma. Har ya yunƙura zai nemo ruwa, sai ya ga matar tana murmushi tana ƙara loma. Ashe in abu ya yi musu daɗi ƙwarai haka su ke faɗa, kamar dai yadda mu kan ce daɗi kashe ni.

Daga nan hira ta kai mu ga ci da sha. Kun san mu Hausawa ba abin da ba mu ci. Muna cin jarrabawa, mu ci bashi, mu ci kasuwa, mu ci sarauta, mu ci amana, alƙali ya ci mu tara. Muna shan iska, mu sha wahala, mu sha kaye, mu sha alwashi. G. P. Bargery, ɗan mishan da ya buga ƙamus na Hausa a 1934 mai shafi sama da 1,200, wanda ya duba yadda ya yi fama da kalmar ci zai tausaya masa. To, ashe Turkawa ma maciya ne. Ci a wurinsu yemek, sha kuwa içmek. Suna cewa dayak yemek, cin duka. Rüşvet yemek, cin rashawa, har kalmar rashawar iri ɗaya ce. Hak yemek, cin haƙƙi. Sigara içmek, shan sigari. Ant içmek, shan rantsuwa, kamar yadda mu ke ji a rediyo cewa gwamna ya sha rantsuwar kama aiki. Bature in ka ce masa ka sha sigari ko ka ci haƙƙin wani kalma bi kalma, sai ya buɗe baki yana kallonka.

Amma a nan ma akwai rami. In Bahaushe ya ce an ci ƙwallo, wanda ya ci shi ne ya jefa a raga, murna ya ke yi. In Baturke ya ce gol yemek, cin ƙwallo ke nan kalma bi kalma, ragarsa ce aka zura wa. Ɗalibina ya ce ran da ya fara kallon wasa da abokansa ya yi tsalle a inda ya kamata ya yi tagumi. Masu fassara mana fina-finan Turkiyya da Hausa, waɗanda matasanmu ke kallo dare da rana, ina fata suna lura da irin wannan.

Wani zai ce, Malam, duk wannan wahala ta mece ce, ga na'urar fassara a cikin waya? Ina amfani da ita ni ma, tana kuwa taimako. Sai dai ita jimlar da ka ba ta kaɗai ta ke gani. Ba ta san ɗan gwauruwar nan yana Zariya ba, ba ta san wata shida sun cika ba. Dole ta zaɓi ma'ana ɗaya ta ba ka, ba za ta kuwa ji kunya ba in ta zaɓi wadda ba ita ba. Baba bai buɗe ƙamus ba, tambaya ɗaya ya yi.

Ni dai ga abin da na sāke a ajina. Na daina rubuta jerin kalmomi a allo. Kowane aikatau mai jela sai ya zo cikin cikakkiyar jimla, da mai yi, da wurin da aka yi, sa'an nan yara su juya jimlar duka zuwa Hausar da za su iya faɗa wa kakarsu ta gane. A mako ba mu wuce guda uku. Wani abokin aikina ya ce da wannan tafiyar hawainiya ba za mu gama manhaja ba. Mai yiwuwa gaskiyarsa ne. Na gwammace su fita da talatin da suka zauna musu, da ɗari da za su riƙe kai su yar da jela.

Iyaye kuma, ina roƙonku abu biyu. Yaron da ke aji uku bai gama koyon Turanci ba, ko da shi ne na ɗaya a ajinsu. In saƙo ya zo wanda ya shafi rai, ko kuɗi, ko kotu, a nemi mutum na biyu ya duba kafin a ɗaga murya. Ku kuma sāke wa yaranku fuska har su iya cewa, "Baba, wannan kalmar ban tabbata ba." Yaron nan ya faɗa mini cewa ya yi shakka a ransa, amma ya ji kunyar a ce ɗan makaranta ya kāsa karanta layi biyu a gaban mata. Ku kuma masu aika saƙo gida, in kun san Mama ba ta jin Turanci, me ya hana ku rubuta da Hausa, ko ku yi magana da baki a naɗa a aika mata? "An yaye shi lafiya" kalma huɗu ce.

Sojan namu ya zo gida hutu bayan mako biyu, ya rame ya yi baƙi, amma ƙafadu sun buɗe. Abin da ya fara tambaya bayan ya gai da uwarsa shi ne, "Ina yaron da ya kashe ni?" Aka jawo yaro yana noƙewa. Ya ɗaga shi sama cak, ya sauke, ya ɗora masa hularsa a ka. Uwar ta ce har yanzu tana bin wani bashin ƙullun ƙosai kwano guda, ta kuwa dube ni sa'ad da ta ke faɗa.

Ga aikin gida na wannan wata. Ku juya waɗannan zuwa Hausa, iyaye da yara tare, ku aiko mini ta hannun edita. Ku yi hankali da ta huɗu.

1. The teacher passed out the exercise books before the bell rang.
2. It was so hot inside the lorry that the old man passed out.
3. My brother will pass out from the Police Academy in Wudil next year.
4. Grandmother passed the story on to us before she passed on.

Zan kawo amsoshin tare da maganar wasiƙar neman aiki a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.